Tasawa ta haifi Abdou Moumouni, lakwal ta binne tunaninsa

A tsayar da ɗan ajin CM2 a kowace makaranta ta gundumar Tasawa ko ta Mayahi, a tambaye shi wane ne Abdou Moumouni Dioffo. In an yi sa'a, zai ce sunan jami'ar Yamai ne. In an yi babbar sa'a, zai ƙara da cewa wani farfesa ne da ya mutu. Abin da ba za a ji daga bakinsa ba shi ne cewa a nan Tasawa aka haifi mutumin, ranar 26 ga Yuni 1929, kuma tun 1964 ya rubuta littafi guda a kan irin cutar da ake yi wa wannan yaro da ake tambaya. Laifin bai hau kan yaron ba. Ba a taɓa gaya masa ba, kuma da wuya a ce mushen da ke tsaye gabansa ya taɓa riƙe littafin a hannu.

Haka Nijar take yi da manyan masananta. Tana jira su rasu, ta yi musu jawabi, ta rataya sunansu a ƙofar gini, sannan ta kulle abin da suka faɗa a cikin kabad ta jefar da mabuɗi. Abdou Moumouni ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, wata uku da ƴan makonni kafin buɗe Taron Ƙasa. A 1992 aka sa wa jami'a sunansa. Daga nan aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa.

Malami ne kafin komai

Masu jawabin tunawa sun fi son su yi ta jera digirorinsa: makarantar William Ponty a Senegal, karatu a Paris, zama ɗan Afirka na farko a ƙasashen renon Faransa da ya ci jarrabawar agrégation ta kimiyyar fizik a 1956, digirin dakta a 1967, shugabancin ofishin makamashin rana ONERSOL daga 1969, shugabancin jami'ar Yamai daga 1979. Duk gaskiya ne. Amma suna tsallake abin da ya fi muhimmanci ga mutumin Korgom ko na Kanambakashe: Abdou Moumouni mai alli ne. Ya tsaya gaban ɗalibai a Dakar, a Konakri a shekarun da Gine ta raba gari da Faransa, a Yamai, daga baya a Bamako. Littafinsa L'Éducation en Afrique, wanda maɗaba'ar François Maspero ta fitar a Paris a 1964, aikin mutum ne da ya ga da idonsa abin da lakwal ke yi wa kwanyar yaro.

Jigon tunaninsa ba shi da wuyar fahimta, shi ya sa ma ya zama abin tsoro ga masu cin abinci da wahalar da magana. Ya duba yadda al'ummomin Afirka ke renon ƴaƴansu kafin zuwan Bature, ya ga cewa tarbiyyar ba a raba ta da rayuwa ba. Yaro yana koyo ne yana cikin aiki, kusa da mai yin aikin. Hannu da kai tare suke tafiya. Abin da ake ɗora masa yana bin shekarunsa da ƙarfinsa, kuma gari duka ne makarantarsa. Bai ɓoye raunin wannan tarbiyya ba: ilimin da ba a rubuta ba yana iya mutuwa da mai shi, kuma ba zai kai mutum ga lissafi mai zurfi da kimiyyar zamani ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ɗakin bincike ba zai ce a koma zamanin jiya ba. Abin da ya nema shi ne makaranta ta zamani wadda za ta fara daga harshen da yaro ya sha a nono, ta ɗaure karatu da aiki, ta kuma fitar da mutanen da ƙasa ke bukata don gina kanta, maimakon ƴan tsirarun magatakarda masu jiran kujera a ofis.

Ya kuma aikata abin da ya faɗa. A ONERSOL ba a tsaya ga rubuta takardu ba: an ƙera na'urorin dumama ruwa da hasken rana, da na tace ruwa, da na dafa abinci, da hannun ma'aikatan ƙasa. A Agusta 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, birane suka kwana cikin duhu a ƙasar da rana ke ƙona ƙeya kusan kowace rana ta shekara, an sami masu tuna shi na kwana biyu. Wannan wata magana ce daban, ko da yake tushensu ɗaya.

Yaron da ya iya lissafi a kasuwa, ya zama jaki a aji

A tafi kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ranar cinta. Ga yarinya ƴar shekara tara da tiren gujiya ko ƙosai a ka. A ce tiyar hatsi tana dala 120, uwarta ta aike ta ta auno tiya biyar. Ba za ta nemi alli ba, ba za ta ƙirga yatsu ba: dala 600, wato jika uku. A ba ta jika biyar, ta san canjinta jika biyu ne, kuma ba a haifi ɗan kasuwar da zai cuce ta ba. Washegari a zaunar da ita a aji, a rubuta mata wannan lissafi da Faransanci, da faran maimakon dala, a ce 600 sau 5. Sai ta daskare. Mushe ya daka tsawa, ya rubuta sifiri da jan biro, ya kai rahoto cewa ƴan ƙauye ba su da kan lissafi.

Wane ne bai da kai a nan? Yarinyar tana riƙe da tsarin ƙirga guda cikakke, wanda a cikinsa dala ɗaya faran biyar ce, jika kuma dala 200. Duk wanda ke juya faran zuwa dala a ka yana ninkawa da rabawa da biyar sau goma a wuni. Malamin da ya san aikinsa zai ɗauki wannan a matsayin jari, ya gina jadawalin biyar a kansa cikin mako guda, ya wuce zuwa goma da ɗari. Lakwal kuwa tana share shi kamar datti, ta fara daga sifiri cikin harshen da yarinyar ba ta jin ko gaisuwarsa. Shekara shida ana wannan kokawa. A ƙarshe ba ta iya Faransancin ba, lissafin da ta zo da shi kuma an koya mata ta raina shi.

Wannan ba ƙorafin ƴan adawa ba ne. A 2014 shirin PASEC ya auna ɗaliban ƙasashe goma na Afirka masu aiki da Faransanci. Nijar ce ta zo ƙarshe: a cikin yaran da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda suka cimma matakin da ake bukata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba, haka ma a lissafi. A awon 2019 an sami ci gaba, aka kai wajen uku cikin goma a karatu, har aka yi ta buga ƙirji a Yamai. Bakwai cikin goma fa? Su ɗiyan wane ne?

Ɗakin gwajin da ba a biya ko dala ba

Amsar da ma'aikatar ilimi ta saba bayarwa, ko wane ne minista, ita ce babu kuɗi. Koyarwa ta gani da taɓawa, in ji su, sai ƙasashe masu arziki, masu ɗakunan gwaji da kwalabe da na'urori. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa sauka daga mota tsakanin Tasawa da Mayahi ba.

Gulbin Kaba ya ratsa gundumomin nan biyu, da goruba da kaba da ake saƙa tabarma da igiya da faifai da su. Macen da ke saƙa tabarma tana aiki da ƙirga, da maimaita zane, da faɗi da tsawo, ko da ba ta san sunayensu na boko ba. Ga darasin awo a shimfiɗe a ƙasa. Igiyar rijiya tana koyar da tsawo, da bambancin gaba da mita, da dalilin da ya sa gabar dogo da ta gajere ba za su zama ma'auni ɗaya ba. Yara su kafa sanda mai mita ɗaya a filin makaranta, su auna inuwarta, su auna inuwar gawon da ke bakin hanya, su fitar da tsawon gawon ba tare da kowa ya hau ba: abin da ake wahalar da ƴan kwaleji da shi ke nan da sunan Thalès. Kafin shuka, a ɗauki ƙwayar hatsi ɗari, a nannaɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, bayan ƴan kwanaki a ƙirga waɗanda suka tsiro. Yaron da ya ƙirga 72 da hannunsa ya gane ma'anar kashi cikin ɗari har abada, kuma ya koma gida da labarin da ubansa ke bukata kafin ya zuba irin a rami. Gwangwani da ƴar rula sun isa a auna ruwan sama, a rubuta kowace rana a kaye, a kwatanta damina da damina. Gwangwani biyu cike da ruwa, ɗaya an shafa masa baƙi ɗaya fari, a ajiye su a rana daga hantsi zuwa azahar, yara su tsoma yatsa: farkon ilimin da Abdou Moumouni ya yi suna da shi a duniya ke nan. Nawa ne kuɗin wannan duka? Bai kai abin da ake kashewa a ruwan kwalba na taron ƙara wa juna sani guda ɗaya ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo. Babban darasin kimiyya da aka yi a jihar Maraɗi cikin shekaru arba'in da suka wuce, a gonaki aka yi shi, lakwal tana gefe tana haddace sunayen kogunan Turai. Daga 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka lura cewa kututturan itatuwan da ake sassabewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. In aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, icce zai tashi da sauri fiye da dashen da ake kawowa daga gandun reno. Manomi ya gani a gonar maƙwabcinsa, ya gwada a tasa, ya gyara dabarar daidai da ƙasarsa. Sassaben zamani ya bazu a jihohin Maraɗi da Damagaram har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Lura, gwaji, kwatantawa, gyara: duk abin da littattafan koyar da malamai ke kira hanyar kimiyya, mutanen da lakwal ke kira jahilai sun yi shi a fili. Gani ya kori ji. Makarantar da ke tsakiyar waɗannan gonaki, wadda ba ta taɓa gayyatar tsoho ɗaya ya nuna wa yara yadda ake zaɓen reshe ba, da wane ido za ta dubi iyayen yara ta ce su ne ba su san darajar ilimi ba?

Tsoron iyaye yana da tarihi

Dole a faɗi gaskiyar ɗaya ɓangaren, don ba kowane mai ƙin wannan magana ne munafuki ba. Idan uba a Urafan ko Isawan ya ji an ce za a sa ɗansa aikin hannu a lakwal, ya ɓata fuska, yana da hujja. Jules Brévié, wanda ya yi gwamnan Nijar a shekarun 1920 kafin ya zama gwamna janar na Afirka ta Yamma ta Faransa daga 1930 zuwa 1936, shi ya yaɗa abin da aka kira makarantun karkara. A takarda, ilimi ne mai dacewa da rayuwar manomi. A ƙasa, gona ce ta gwamnati da yara ke nomewa da bulala a bayansu, karatun kuma ɗan kaɗan, don kada baƙar fata ya wuce matsayin da aka yanka masa. Ƴan bokon Afirka sun yaƙi wannan tsari bayan yaƙin duniya na biyu, suka ce a ba su ilimi irin na ɗan Faransa, kuma suna da gaskiya a lokacinsu. Abdou Moumouni kansa bai raga wa wannan ilimi na rangwame ba. Yankin da ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa da wuta a 1899, inda kaburburansu ke Maijirgi har yau, bai bukatar a koya masa zargin alherin Bature.

Bayan ƴancin kai ma an maimaita kuskuren. A ƙarshen shekarun 1980 aka shigar da APP cikin manhajar firamare, wato ayyukan hannu da na samarwa. Niyyar ba ta da laifi. Amma ba a horar da malamai a kai ba, ba a ba su kayan aiki ba, kuma jarrabawar ƙarshen firamare ba ta tambaya a kai. Abin da jarrabawa ba ta tambaya kuwa, mushe ba ya ɓata alli a kansa. Sai sa'ar APP ta koma sa'ar sharar fili, ɗebo ruwa, da roron itace, a wasu wurare ma noman gonar darekta. Iyaye suka ce: in dai noma ne, gonar gida ta fi bukatar yaron. Wa zai ce sun yi ƙarya?

Bambancin da masu mulki suka kasa ganewa, ko suka ƙi, shi ne wannan. Yaron da aka ba hauya aka ce ya yi ta noma har a buga ƙararrawa, ɗan ƙodago ne. Yaron da aka ce ya raba fili gida biyu, ya sa taki a ɗaya ya bar ɗaya, ya auna tsawon kara kowane mako, ya rubuta, ya auna amfanin da tiya, sannan ya tsaya gaban ƴan ajinsu ya bayyana abin da ya gani da abin da yake zaton ya jawo shi, wannan ɗalibi ne, kuma ya yi karatu da rubutu da lissafi da magana a bainar jama'a a aiki guda. Hauyar ɗaya ce. Tambayar da aka sa a kan yaron ita ce ta bambanta su. Irin wannan ɗalibi ba a rufe masa ƙofar kwaleji da lise da jami'a ba. Shi ne ma ya fi cancantar shigarsu. Julius Nyerere ya gwada ɗaure makaranta da aiki a Tanzaniya daga 1967, ya kuma ci karo da wannan tarko na mayar da yara leburori a inda malamai ba su fahimci manufar ba. Célestin Freinet, malamin ƙauye a kudancin Faransa, ya sa ƙaramar maɗaba'a a aji tun shekarun 1920, yara suna rubuta labarin garinsu suna bugawa da hannunsu. Abin dariya ne a ce Faransar da ake kwaikwayo ta haifi Freinet, amma abin da ya ƙetaro teku ya iso Mayahi shi ne haddar dole da shifta.

Gwajin da ya girmi malamansa

Sai batun harshe, wanda in ba a warware shi ba duk sauran zance ne. Ba a sa yaro a tsakiyar darasi alhali an ɗaure masa baki. Yaron da zai yi tambaya, ya yi gardama, ya ce bai yarda ba, sai da harshen da yake tunani da shi. Taron Brazzaville na 1944 ya nanata cewa da Faransanci kaɗai za a koyar, kuma tsofaffin ƴan lakwal ba su manta da sambol ba, abin kunyar da ake rataya wa wanda aka kama yana Hausa a filin makaranta.

Nijar ba za ta ce ba ta san mafita ba. Tun 1966 taron UNESCO a Bamako ya daidaita haruffan rubuta Hausa da wasu harsunan yankin. A 1973, zamanin Diori Hamani, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin a shigar da Faransanci sannu a hankali. A 1974 aka kafa INDRAP don shirya littattafai da manhaja. Gwajin ya faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. Awon da aka yi ta yi ya nuna cewa ɗaliban waɗannan makarantu sun fi takwarorinsu fahimta, sun fi su sakin jiki da magana a aji, kuma ba su kasa su a Faransancin kansa ba. A maƙwabta, gwajin Ile-Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 da Yarbanci ya kai ga sakamako irin wannan. To me aka yi? An yi babbar mahawara kan makaranta a Damagaram a 1982, zamanin Seyni Kountché. An yi Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. An yi dokar LOSEN ta 1 ga Yuni 1998, wadda ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. An yi shirin shekara goma na PDDE daga 2003, aka bi shi da PSEF daga 2014. A tsakiyar shekarun 2010 aka sake fara gwada sabuwar manhaja da harsunan ƙasa a makarantu 500. Gwaji kuma! Shekaru da dama makarantun gwajin farko ba su wuce ƴan gommai ba a faɗin ƙasa. Yaran da suka shiga ajin farko a Damagaram a 1973 yau suna da jikoki. Likitan da ya gano magani yana aiki, ya ci gaba da ba mutum arba'in kawai har shekara talatin yana cewa bincike yake yi, kotu ya kamata a kai shi.

Dalilin jan ƙafar ba ɓoyayye ba ne. Faransanci shi ne katangar da ta raba masu ofis da masu hauya, kuma wanda ke cikin katanga ba ya gaggawar rushe ta. Waɗanda suka sa hannu a dokokin nan, na kowace jam'iyya da kowane kaki, ɗiyansu ba sa zama a ajin zana. A Maris 2025 kundin da hukumomin soja suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi guɗa a wasu wurare, an yi gunaguni a wasu. Amma takarda ba ta koyar da yaro. Ayar doka ba za ta buga littafin lissafi na CE1 da Hausa ba, ba za ta horar da mushen da bai taɓa rubuta ƙ da ɗ ba. Kuma a tuna: a arewacin Mayahi da Tasawa akwai ɗiyan Fulani da na Buzaye. Hujjar Abdou Moumouni ta shafi harshen kowane yaro. Wanda ya cire Faransanci daga wuyan Bahaushe ya rataya Hausa a wuyan Bafulatani bai karanta littafin ba.

Mushe ma abin tausayi ne

Za a yi zalunci in aka juye kayan duka a kan malamin ƙauye. Tun shirye-shiryen tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya, waɗanda ɗalibai suka fito yi wa zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe uku a gadar Kennedy, da karyewar darajar sefa a Janairu 1994, da watannin albashi da aka riƙe, da shekarun karatu da aka soke, aikin koyarwa yake gangarowa. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar ƴan sa kai, daga baya ƴan kwantaragi, har suka zama mafi yawan malaman firamare: matasa masu takardar birbe, horo kaɗan ko babu, alawus da ba ya zuwa kan lokaci. A 2017 gwamnati ta yi musu jarrabawa, ta sallami dubbai, ta nuna mamaki kamar ba ita ta ɗauke su ba. Mutumin da aka koyar da haddar dole, aka tura shi gaban yara saba'in ko tamanin ba littafi, me zai yi in ba ya sa su maimaita bayansa da ƙarfi ba? Ihun aji shi ne kaɗai shaidar da zai nuna wa mai duba makarantu cewa ana aiki.

Ga kuma ajin kansa. A ƙauyuka da yawa na gundumomin nan, ranar buɗe makarantu ta Oktoba labari ce a rediyo, domin sai an girbe hatsi ake samun karan yin rumfa, kuma ruwan farko na damina shi ke rufe shekara. Rumfar kara ta ci rayuka: yara ashirin a unguwar Pays-Bas ta Yamai ranar 13 ga Afrilu 2021, sannan aƙalla 25 a birnin Maraɗi ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara, ƙanana ƴan shekara biyar da shida. Babu mai hankalin da zai ce a bar gina azuzuwa. Amma ginin siminti da ake haddar dole a cikinsa zai fitar da irin sakamakon da rumfa ke fitarwa, sai dai a inuwa mai sanyi.

Ƙungiyoyin malamai ma suna da tambayar da za su amsa. Sun yi yajin aiki a kan albashi, a kan alawus, a kan matsayi, kuma haƙƙinsu ne. Yaushe aka taɓa jin sun ajiye alli don a sauya yadda ake koyarwa, ko don jarrabawa ta fara tambayar yaro abin da ya iya yi maimakon abin da ya haddace?

Abin da ake nema bai fi ƙarfin jihar Maraɗi ba, ba ya kuma jiran masu ba da tallafi. Makarantar horon malamai ta Maraɗi tana iya sa L'Éducation en Afrique cikin abin da kowane ɗalibinta zai karanta kafin a ba shi aji; an sake buga littafin a 1998, ba ɓata ya yi ba. Masu duba makarantu na Tasawa da Mayahi suna iya daina auna malami da tsabtar kayen shirin darasi, su tambayi yara abin da suka auna da hannunsu a wannan mako. Kwamitocin iyaye na COGES suna iya kawo masaƙa da maƙera da manoman sassaben zamani cikin aji, da sharaɗin cewa gonar makaranta ta yara ce, kuma lissafin abin da ta bayar a allo za a rubuta shi, kowa ya gani. Jami'ar da ke ɗauke da sunansa kuwa, mai sashen nazarin harsuna da babbar makarantar horon malamai, ta yi shekara fiye da talatin da wannan suna. Ranar 26 ga Yuni 2029 Abdou Moumouni zai cika shekara ɗari da haihuwa. Lokacin da ya rage ya isa a fassara littafin zuwa Hausa, a buga shi, a kai kwafi ɗaya kowace makaranta daga Hawandawaki zuwa Gidan Amumun.